Taswirar Ankara da muryar mutanen zango

A shekarar 1877 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka dawo da ita Ankara. Tun daga lokacin ake ta zana wa birnin taswira, wata bayan wata, kuma a mafi yawan wannan tarihi mutanen zango ba su san abin da aka zana a kansu ba sai ranar da ma'aikatan awon ƙasa suka iso da turakunsu.

Abin da ya fara girgiza tsarin birnin shi ne annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta ɓarke a 1908. Hukuma ta ɗora laifin a kan cunkoso, ta rushe gidaje a tsakiyar gari, ta ƙara nesanta unguwar Turawa daga ta baƙar fata. Ba a tambayi kowa ba, domin a idon likitocin gwamnati talaka shi ne matsalar da ake son magancewa. 'Yan shekaru bayan haka, ga cunkoso ga kuma saɓanin shugabanci tsakanin Musulmin gari, Malam Baƙo ɗan Malam Na'ino ya nemi fili a hannun sarakunan Ga, ya tashi da jama'arsa daga tsohon zango ya kafa Sabon Zango. Shi ya raba filaye, ya zaunar da mutane, ya zama mai yanke musu hukunci. Wannan ma tsara gari ne, ko da yake ba a ofis aka yi shi ba, kuma wanda ya tsara yana kwana cikin abin da ya tsara, duk mai ƙorafi ya san ƙofar zaurensa.

Labarin Nima ya fi wannan ɗaci. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami izinin zama a filin daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Wurin yana wajen iyakar hukumar birni a wancan lokaci, saboda haka babu dokar gini da ta shafe shi, haka kuma babu famfo, babu magudanar ruwa, babu titi. Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo ma'aikata da 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar da ƙasashen maƙwabta, ɗakuna suka yi ta haihuwar ɗakuna. Kafin a shigar da Nima cikin birni a farkon shekarun 1950, ta riga ta cika maƙil.

Ana cikin haka ne aka kafa Dokar Tsara Birane da Karkara ta 1945, wadda ta ba jami'ai ikon ayyana yanki su tsara shi. Hanyar jin ta bakin jama'a a ƙarƙashinta ita ce a buga sanarwa, a ajiye taswira a ofis, mai ƙorafi ya rubuto. Mai karatu ya auna da kansa: mahauci ko ɗan dako da karatunsa na allo ne da ajami, ta yaya zai san an ajiye wata takarda da Turanci a wani ofis, balle ya rubuta mata raddi?

Samun 'yanci bai sauya wannan ɗabi'a nan take ba. A 1958 gwamnatin Kwame Nkrumah ta fitar da babban tsarin birnin Ankara, wanda Trevallion da Hood suka shirya. (Trevallion ɗin nan shi ne daga baya ya rubuta wa Kano tsarinta na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983.) Tsari ne mai buri, na manyan tituna da filayen taro, amma unguwanni irin Nima sun fito a cikinsa a matsayin wuraren da za a share a sake ginawa. A zamanin Nkrumah aka tashi mutanen Fadama daga bakin tafkin Korle aka kai su Sabuwar Fadama. Madina ma tashi ne ya haife ta a 1959, lokacin da Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci jama'arsa daga Shiashie, kusa da filin jirgin sama. Daga bisani titin da ya tsaga Nima ya ci gidaje da dama. Wasu daga cikin waɗannan ƙaura sun zama alheri a ƙarshe, ba mai musun haka. Sai dai a kowannensu shawarar da aka yi da jama'a ta tsaya ne a kan inda za su koma da abin da za a ba su. Batun ko za a tashe su an gama shi tun kafin a kira su.

Dokar 1945 ta yi shekara saba'in da ɗaya tana aiki kafin Dokar Amfani da Ƙasa da Tsara Wurare ta 2016, mai lamba 925, ta maye gurbinta. Sabuwar dokar ta ɗora aikin tsarawa a kan majalisun gundumomi, ta kuma wajabta tuntuɓar jama'a yayin shirya tsarin. A 2018 Nima ta zama hedikwatar majalisar Ayawaso ta Gabas, wato ofishin da ake zana taswirar ya matso cikin unguwa.

Amma tsohuwar ɗabi'a tana da wuyar mutuwa, kuma wani ɓangare nata namu ne. Idan aka ce za a ji ra'ayin zango, yawanci sarki da limami da masu gidaje ake kira. Mafi yawan mazauna Nima da Maamobi kuwa 'yan haya ne, iyali guda a ɗaki guda. Mai gida yana iya karɓar diyya idan aka faɗaɗa titi. Ɗan haya kayansa kawai zai ɗaure. Matar da ke sayar da waake a bakin lungu ta fi kowane injiniya sanin inda ruwa ke kwanciya idan damina ta kankama, amma a yawancin irin waɗannan taruka ba a aika mata goron gayyata, kuma takardun da ake rabawa har yau da Turanci suke.