Gashin Kek da Burodi a Gida: Awo, Wuta da Danshin Kudu

Duk wadda take zuwa Mile 12 ko Bodija sayen fulawa, bota da ƙwai ta san cewa yanzu idan kwaɓi ɗaya ya lalace ba ƙaramar asara aka yi ba. Ga mai sana'a jari ne ya tafi, ga mai hidimar suna ko Sallah kuma kunya ce a gaban baƙi. Tambayar da mata suka fi yi mini ita ce: "Na bi haɗin da aka turo mini daga Kano tiryan-tiryan, me ya sa bai yi ba?" Amsata kullum ɗaya ce. Haɗin kek ko burodi ba ya zama abin dogaro sai kin gwada shi a kicin ɗinki, da awo tsayayye, da wutar da kika sani, a yanayin garin da kike zaune. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Awo shi ne tushe

Miya tana yafe ƙiyasi, gashi kuwa ba ya yafewa. Matsalarmu a nan Kudu ita ce kowace kasuwa da ma'auninta. A gida mun saba da mudu da tiya, a Legas ana awo da derika da robar fenti, a Ibadan da kongo, a Anacha da Owerri kuma da kofi. Idan 'yar'uwarki ta ce "fulawa gwangwani huɗu", ai gwangwaninta daban, naki daban, cikawar hannunta ma daban.

Shi ya sa nake cewa kafin ki sayi injin buga kek, fara sayen ƙaramin sikelin kicin mai nuna gram. Idan bai samu ba tukuna, ki riƙe wannan: kofin awo na gashi yana cin mililita 240. Idan aka zuba fulawa da cokali aka shafe saman ba tare da dannawa ba, tana kai gram 120 zuwa 130. Sukari a kofi ɗaya gram 200 ne. Ƙaramin cokali mililita 5, babba mililita 15. Babban ƙwai idan an fasa kusan gram 50 ne. Kada ki tsoma kofi cikin buhu ki ɗebo, fulawar tana dannewa, sai ki zuba fiye da ƙima, kek ya fito da tauri.

Abin da danshi yake yi

Legas, Fatakwal, Warri da Kalaba garuruwa ne masu laima kusan duk shekara. Fulawa tana shan danshin iska, don haka ruwan da ya ishe ta a Kano lokacin hunturu zai iya yi mata yawa a nan da damina. Ni dai idan zan kwaɓa burodi ina rage cokali biyu ko uku na ruwan a gefe, sai na ga kwaɓin ya nema sannan in ƙara.

Bekin foda ma danshi na kashe ƙarfinsa. Kafin ki yi amfani da wanda ya daɗe a buɗe, zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi. Idan ya yi kumfa nan take yana da rai, idan ya yi shiru ki zubar. Yis kuma ki jiƙa shi a ruwa mai ɗumi da ɗan sukari, cikin minti 10 ya kamata ya taso. Ruwan ya zama ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi, domin ruwa mai zafi sosai yana kashe yis. Kuma ki lura, bekin foda daban, bekin soda daban. Soda tana bukatar abu mai tsami kamar nono, kindirmo ko lemun tsami kafin ta yi aiki, idan ta yi yawa kuma kek ya yi ɗaci. Fulawa, sukari da yis duk a adana su a roba mai murfi mai kamawa, a ɗaga su daga ƙasa, kuma a tankaɗe fulawa kowane lokaci saboda ƙwari da gudaji.

Kek na tushe

Wannan haɗin na awo ɗaya ne, shi ya sa yake da sauƙin riƙewa: bota gram 250, sukari gram 250, fulawa gram 250, ƙwai 5, bekin foda ƙaramin cokali 2, madara babban cokali 3, da ɗan filebo. Mai son rage zaƙi tana iya mayar da sukarin gram 200.

Botar ta yi laushi amma kada ta narke ta zama mai. Da zafin nan namu minti kaɗan ya ishe ta. Ki buga ta da sukari har ta yi fari ta yi sauƙi, da muciya zai ɗauke ki kamar minti 15. Iskar da take shiga a wannan bugun ita ce rabin tashin kek, don haka kada ki yi ha'inci a nan. Sai ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ki fara fasa shi a wani kofi daban saboda ɓaragurbi. Ki tankaɗe fulawa tare da bekin foda, ki zuba kashi uku kina juyawa a hankali. Da zarar farin fulawa ya ɓace ki tsaya. A gwangwani mai faɗin inci 8, a wuta digiri 180, zai ɗauki minti 45 zuwa 55. Ƙananan gwangwanaye kuwa wajen minti 20 ne. Ki soka tsinke a tsakiya, idan ya fito a bushe ya gasu.

Burodi na tushe

Fulawa gram 500, yis gram 7, sukari gram 60, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, bota gram 40, ruwa mai ɗumi mililita 300. Laushi da jan nan da muke so a burodin Agege daga murza yake zuwa, masu gidan burodi da inji suke yi. A gida ki murza da hannu minti 12 zuwa 15, har kwaɓin ya yi santsi, idan kin ja shi ya miƙe bai tsinke da wuri ba. Ki rufe ya tashi ya ninka biyu. A nan fa kada ki bi agogo, ki bi ido: abin da zai ɗauki awa biyu a Jos da sanyi, a Agege yana iya gamawa kafin awa ɗaya, idan ya wuce kuma ya yi tsami ya faɗa. Ki danne iskar, ki naɗe, ki sa a gwangwani ya sake tashi, sannan ki gasa minti 30 zuwa 35 a digiri 180 zuwa 190.

Gargaɗi ɗaya: kada ki sayi wata hoda marar suna da za a ce miki tana kumbura burodi. Hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin bromate a burodi saboda illarsa ga lafiya.

Idan babu obin

Da yawanmu a Sabo da Idi-Araba ɗaki ɗaya ko biyu muke haya, wutar lantarki kuma ba tabbas. Babbar tukunya mai kauri ta wadatar. Ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa kamar kaurin yatsu biyu, ki ɗora ƙarfe ko ƙananan duwatsu don gwangwanin kada ya taɓa gindin tukunya, ki rufe ta yi zafi minti 15 kafin ki sa kek. Bayan nan wuta ƙasa-ƙasa. Idan gawayi ne, ki ɗora 'yan garwashi a kan murfi don saman ya yi ja. A minti 25 na farko kada ki buɗe ko da ƙamshi ya cika gidan.

Idan ya ƙi, ga inda za ki duba

Kek ya lotsa a tsakiya: an buɗe da wuri, ko bekin foda ya yi yawa, ko bai gama gasuwa ba aka sauke. Ya tsage ya yi tozo: wuta ta yi yawa. Ƙasa ta ƙone ciki ɗanye: gwangwani ya kusanci wuta. Ya yi nauyi kamar tuwo: bugun bota bai isa ba, ko an cika juyawa bayan fulawa. Burodi ya ƙi tashi: yis ya mutu, ko ruwan ya yi zafi. Ya yi funfuna da wuri: an ɗaure shi a leda da sauran zafinsa. A nan Kudu sai ya huce sarai kafin a naɗe, kuma burodin gida a cinye shi cikin kwana biyu ko uku.

Littafin kicin

Abin da ke mayar da haɗi ya zama naki shi ne rubutu. Ki sami ƙaramin littafi, duk gashin da kika yi ki rubuta awo, irin fulawa, irin wuta, mintuna da yadda ya fito. Idan za ki gyara, abu ɗaya za ki canza a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi aiki ba. Sabon haɗi da kika gani a waya ki fara da rabin awo. A wajena sai haɗi ya fito daidai sau uku a jere nake karɓar odar biki da shi. Mai sana'a kuma ta rubuta kuɗin komai a shafin, har gas da leda, kafin ta yanke farashi.

Allah Ya sa albarka a hannu, Ya ba masu nema kasuwa mai amfani.