Kafin A Ja Kunama: Kiran Gaggawa, Tazara Da Harbin Masu Riƙe Da Bindigar Wasa A Amurka, 2013-2016

Tsakure

Maƙalar ta nazarci harbe-harbe huɗu da 'yan sandan Amurka suka yi tsakanin 2013 da 2016, inda aka kashe masu riƙe da bindigar wasa ko ta iska bisa zaton ta gaske ce. An gano cewa alamar ruwan goro da doka ta wajabta a bakin bindigar wasa ba ta taka rawar da ake jingina mata. Abin da ya fi tasiri shi ne labarin da aka ba jami'i kafin ya iso, da tazarar da ya bar wa kansa bayan isowa.

Gabatarwa Da Waiwaye

Duk lokacin da ɗan sanda ya harbe yaro a Amurka, daga baya aka tarar bindigar roba ce a hannunsa, muhawara takan koma kan kayan wasan: me ya sa ya yi kama da na gaske, wa ya cire masa alama, wace doka za a ƙara. Wannan tunani ya tsufa. Tun 1988 majalisar tarayya ta wajabta sanya toshi mai launin ruwan goro a bakin bindigogin wasa, amma ta keɓe bindigogin iska masu harba ƙwayar ƙarfe ko dalma. Bayan kisan Andy Lopez a 2013, jihar Kalifoniya ta ƙara tata dokar, wadda aka sa wa hannu a 2014 ta fara aiki a 2016, tana buƙatar launuka masu haske a jikin wasu nau'o'in. Birtaniya ma ta taƙaita sayar da bindigogin kwaikwayo masu kama da na gaske a dokarta ta 2006.

Masu wannan ra'ayi sun ɗauki abubuwa uku a matsayin tabbas: cewa alamar za ta zauna a jikin bindigar, cewa jami'in zai gan ta, cewa kuma idan ya gani zai yarda da ita. Na farkon yakan rushe da ɗan janye-janyen yaro ko faɗuwa ɗaya a ƙasa. Na ukun kuwa 'yan sandan da kansu sun daɗe suna musanta shi, domin hujjarsu ita ce ɗan fashi ma yana iya shafa wa bindigar gaske fenti. Saura na biyu, kuma a kansa wannan bincike ya tsaya.

Ayyukan masana halayyar ɗan Adam sun fi kusa da inda matsalar take. Correll da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa a gwajin kwamfuta mutane sun fi saurin harbin baƙar fata. Goff da abokan aikinsa sun nuna a 2014 cewa ana ƙara wa yara baƙar fata shekaru a ido, har fiye da huɗu. Sai aikin Paul Taylor na 2020, wanda za a dawo kansa.

Hanyar Bincike

An zaɓi harbe-harbe huɗu da bayanansu suka fito fili ta hotunan bidiyo, faifan kiran lambar gaggawa ta 911, rahoton masu gabatar da ƙara ko hukuncin kotu: Andy Lopez, ɗan shekara 13, Santa Rosa, 22 ga Oktoba 2013, John Crawford, ɗan shekara 22, Beavercreek a jihar Ohayo, 5 ga Agusta 2014, Tamir Rice, ɗan shekara 12, Cleveland, 22 ga Nuwamba 2014, da Tyre King, ɗan shekara 13, Columbus, 14 ga Satumba 2016. An yi wa kowanne tambaya uku: me aka faɗa wa jami'in, wane lokaci da tazara ya samu, kuma ko bakin bindigar yana inda ido zai kai.

Sakamako

Batun alama bai ɗauki lokaci ba. Bindigar Crawford ta iska ce, daga kantar shagon Walmart ya ɗauke ta. Ta King ma ta iska ce. Dokar 1988 ba ta shafe su ba. Ta Lopez da ta Rice suna cikin waɗanda dokar ta shafa, amma babu alamar a jikinsu ranar da aka yi harbin. Ko da tana nan, Lopez ya ba jami'an baya ne yana tafiya, bakin bindigar yana kallon ƙasa, Rice kuwa tasa a soke take a ƙugu. Alamar da ke cikin wando ba ta ceton kowa.

Kisan Tamir Rice ne ya fi bayyana abin da ke faruwa tun kafin jami'i ya ga komai. Mutumin da ya kira 911 daga filin shaƙatawa na Cudell ya ce akwai wani da ke nuna wa mutane bindiga, amma ya ƙara da cewa mai yiwuwa ta bogi ce, kuma mai yiwuwa yaro ne. Waɗannan kalamai biyu ba su isa kunnen jami'an ba. Abin da ya iso musu ta rediyo shi ne baƙar fata namiji mai bindiga, a matsayin kira na gaggawa mafi girma. Direban motar, Frank Garmback, ya hau kan ciyawa ya tsaya dab da rumfar da yaron yake, ta yadda abokin aikinsa Timothy Loehmann ya buɗe ƙofa ya tarar da shi a gabansa ba wani shamaki. Cikin kusan sakan biyu ya yi harbi. Da ake sanar da ofis bayan haka, an kiyasta shekarun wanda ke kwance a ƙasa da kimanin 20, abin da ya yi daidai da binciken Goff har ya ba da tsoro. Tamir ya cika washegari.

A nan sakan biyun da ake yawan ambatawa ke buƙatar a sake duba su. Masu kare jami'in suna cewa ba mai iya bambance roba da ƙarfe a sakan biyu, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai ba Tamir ne ya yanka wa jami'an wannan lokaci ba. Da motar ta tsaya a titi, jami'an suka laɓe bayan ƙofofinta suka yi kira da lasifika, da sun sami damar ganin ƙuruciyarsa da jin amsarsa. Kuma me zai sa su tsaya nesa, alhali ba wanda ya gaya musu akwai shakka? Matakan da birnin Cleveland da kansa ya ɗauka sun nuna wani ɓangare na wannan: ya biya iyalan diyyar dala miliyan 6 a 2016, a 2017 kuma ya dakatar da mai karɓar kiran na kwana 8, ya dakatar da direban na kwana 10. Loehmann kuwa an kore shi ne saboda ɓoye bayani a takardar neman aiki, ba don harbin ba.

Na Crawford akasin haka ne, amma tushen ɗaya. A wurin Rice an rage labari, a wurin Crawford an ƙara masa gishiri. Mai kiran ya ce wani yana nuna wa mutane bindiga a cikin shago. Bidiyon shagon ya nuna mutum yana waya, bindigar na lilo a hannunsa, daga baya kuma mai kiran ya sassauta maganarsa. Jami'an sun shiga ne da shirin tarar mai kisan gilla. Abin lura, Ohayo jiha ce da doka ta yarda baligi ya riƙe bindigar gaske a bainar jama'a, don haka ko da ta gasken ce, riƙon kaɗai ba laifi ba ne.

Gwajin Taylor ya ba wannan hujja ƙafar tsayawa. Ya sa jami'ai fiye da 300 a na'urar kwaikwayon harbi, inda wani mutum ke zaro wayar salula daga aljihu. Cikin waɗanda aka gaya wa mutumin na riƙe da bindiga, kashi 62 cikin 100 sun harbe shi. Waɗanda ba a ƙara musu bayani ba, kashi 28. Waɗanda aka ce musu waya ce, kashi 6 kawai. Abin da ke hannun mutumin bai canza ba. Haka aka kashe Harry Stanley a Landan a 1999, yana ɗauke da ƙafar tebur a cikin jaka, bayan wani ya kira ya ce bindiga ce. Idan ƙafar tebur na iya zama bindiga a idon wanda aka riga aka tsorata, to mai da hankali kan launin roba barin jaki ne ana dukan taiki.

Doka ita ma ta taimaka wajen ɓoye wannan. Shari'ar Graham da Connor ta 1989 ta ce a auna jami'i da abin da ya gani a lokacin, tare da yi masa uzurin yanke shawara cikin ƙiftawar ido, wasu kotuna kuma suka matse ma'aunin zuwa sakan na ƙarshe kaɗai. A shari'ar Barnes da Felix ta Mayun 2025, Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da wannan matsi, ta ce a duba abin da ya gabata duka. Amma ta ƙi taɓa tambayar ko za a lissafa haɗarin da jami'i ya jefa kansa ciki da hannunsa, wadda ita ce ainihin tambayar Cleveland.

Iyakokin Bincike

Huɗu ba su da yawa, kuma biyu ba su bi tsarin sosai ba: Lopez ba kira aka yi a kansa ba, masu sintiri ne suka hango shi, King kuma an bi shi a guje ne da dare bayan rahoton fashi. Jaridar Washington Post ta ƙirga mutum 86 da 'yan sanda suka kashe riƙe da bindigogin kwaikwayo a 2015 da 2016, mafi yawansu manya, da dama cikinsu masu fama da taɓin hankali, don haka yaran da aka nazarta a nan ba su wakilci kowa ba. Na'urar kwaikwayo ma ba titi ba ce. Sannan rumbun bayanan amfani da ƙarfi da hukumar bincike ta FBI ta buɗe a 2019 na ganin-dama ne, kuma ba ya ɗaukar ranar da jami'i ya tsaya nesa, ya yi magana, yaro ya ajiye abin wasansa aka watse lafiya.