Zaɓen Bijimi da Saniyar Tatsa a Ƙasashen Wurno, Raba da Goronyo: Daga Idon Makiyayi zuwa Awon Ƙwayoyin Gado

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin hanyoyin da aka bi wajen zaɓen shanun da za su haifi na gaba a gabashin Sakkwato, wato ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo, tun daga zamanin Daular Usmaniyya. Daga nan sai a dubi sabuwar hanyar da ƙasashen Turai da Amurka suka ɓullo da ita, ta awon ƙwayoyin gado, domin a ga ko tana da wurin zama a wannan yanki.

3.1 Zaɓe Irin na Gargajiya

Masanin tarihi Murray Last ya nuna cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a shekarar 1837, ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya guiwar zama wuri ɗaya a kewayen ribaɗoɗi. Zaman da aka yi a kwarin Gulbin Rima ya dace da irin shanun da aka fi sani da yankin, wato Bokolo, waɗanda littattafai ke kira Gudali na Sakkwato. Bokolo sa ne mai gajeren ƙaho da babban tozo da leɓe mai saukowa, ga sanyin hali, kuma matansa suna da nono gwargwado. Ya bambanta da Rahaji, jan sa mai dogon ƙaho da juriyar tafiya, wanda masu dogon zango suka fi riƙo da shi.

Makiyayi ba ya zaɓen bijimi da ka. Yakan dubi uwar maraƙin tukuna: shin tana cika ƙwarya a lokacin bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare? Shin tana haihuwa a kai a kai? Shin 'ya'yanta na rayuwa? Yakan dubi kakarsa ma, domin shanun ruga suna da sunaye da zuriya, kuma ta wajen uwa ake lissafa su. Maraƙin da ya ci wannan jarrabawa shi ake bari ya zama bijimin garke, sauran kuwa a dandaƙe su ko a kai su kasuwa. Idan aka yi la'akari da kyau, wannan ita ce hanyar da masana suke kira zaɓe ta hanyar asali, illa dai littafin da ake ajiye bayanan a cikinsa shi ne kan dattijon ruga. A nan ne ƙarfin hanyar yake, a nan ne kuma rauninta yake, domin in dattijo ya kau ko garke ya watse, ilimin ya tafi ke nan.

Haka kuwa ta faru a wajajen 1890 zuwa 1891, lokacin da annobar bushiya ta ratso ƙasar Hausa ta kashe mafi yawan shanu. Waɗanda suka tsira su ne tushen garkunan da suka biyo baya, kuma cuta ce ta zaɓe su, ba mai su ba. Bushiya ta sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983, ba a kuma bayyana kawar da ita daga duniya ba sai a 2011.

3.2 Zamanin Turawa da Bayansa

Turawan mulkin mallaka sun damu da ƙidayar shanu, amma saboda jangali. Kawuna suke ƙirgawa, ba nono ba. Abin da wannan ya haifar shi ne makiyayi ya ɗauki duk wani mai riƙe da takarda da alƙalami a bakin ruga a matsayin mai neman kuɗinsa, kuma wannan zato bai gushe ba ko bayan da aka daina karɓar harajin.

Inda aka fara awon madara da rubutawa shi ne gonakin gwamnati. An buɗe gonar dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, a 1928, ita ce kuma ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976. A irin waɗannan gonaki an ga saniyar Bokolo da ta samu kulawa tana iya ba da fiye da lita 1,000 a tatsa ɗaya, wato daga haihuwa zuwa yaye. Daga baya hankali ya koma ga barbarar shanun gida da bijiman Turai irin Firiziya. 'Ya'yan farko sukan fi iyayensu mata nono ƙwarai, amma da jinin Turai ya yi yawa sai zafi da kaska da ƙarancin abinci su kayar da su. A Jamhuriyar Nijar kuwa an bi wata hanya dabam: tashar Tukunus da ke ƙasar Filinge ta shafe shekaru masu yawa tana zaɓe a cikin shanun Azawak zalla, ba tare da gauraya ba.

A yankin da ake nazari, abin da ya fi taɓa kiwo shi ne kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 da bunƙasar noman rani a fadamun Rima, wanda ya rage makiyaya ya kuma ƙara harawa da dusa. Sannan a zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, 2007 zuwa 2015, gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniyar inganta irin shanu da wani kamfanin ƙasar Ajantina, aka danganta aikin da gonar dabbobi ta Raba. A nan ma daga waje aka nemo maganin.

3.3 Awon Ƙwayoyin Gado

A ƙasashen da sana'ar madara ta kafu, tsohuwar hanyar gane bijimi nagari ita ce a jira 'ya'yansa mata su girma su haihu a auna nononsu, abin da kan ɗauki shekara 5 zuwa 6. A 2001 wasu masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka nuna cewa ana iya taƙaita jiran. Dabarar ita ce a samu dubban shanu waɗanda aka riga aka rubuta yawan madararsu, a ɗebi jini ko gashin wutsiyarsu, a karanta alamomin da ke cikin sinadarin gadonsu, wato DNA. Kwamfuta sai ta lissafa gwargwadon alaƙar kowace alama da yawan madara. Da an samu wannan ma'auni, to ana iya auna maraƙi ɗan kwana bakwai a yi hasashen irin 'ya'yan da zai haifa. Kamfanin Illumina ya fitar da na'urar da ke karanta alamomi kusan 54,000 a jikin dabba ɗaya, kuma a watan Janairun 2009 Amurka ta fara fitar da sakamakon irin wannan awo a hukumance. Cikin 'yan shekaru, matsakaicin shekarun bijiman da ake ɗaukar 'ya'yansu maza don barbara ya sauko daga wajen 7 zuwa ƙasa da 3.

Sai dai abin lura shi ne, na'urar ba ta san madara ba. Abin da ta sani shi ne abin da aka koya mata daga shanun da aka auna. Ma'aunin da aka gina a kan shanun Amurka, waɗanda saniya ɗaya ke ba da fiye da lita 10,000 a shekara a cikin rumfa, ba zai faɗi gaskiya a kan Bokolo ba, domin shanu masu tozo da marasa tozo sun rabu da juna tun zamani mai nisa, har alamomin ma daga marasa tozo aka fi tsamo su. Dole ne Bokolo ya samu nasa ma'auni, shi kuwa ba ya samuwa sai an yi shekaru ana bin ruga ruga ana auna abin da kowace saniya ta bayar. Wannan shi ne aikin da cibiyar ILRI mai hedikwata a Nairobi ta soma a Tanzaniya da Habasha a 2016, inda ake tattara bayanan ƙananan masu kiwo ta wayar hannu.

A gabashin Sakkwato akwai ƙarin wahala. Ana tatsa ne tare da maraƙi a gefe, don haka abin da ya shiga ƙwarya wani ɓangare ne kawai na abin da saniya ta samar. Babbar matsalar kuwa ita ce rashin tsaro. Harin da aka kai ƙauyen Tabanni na ƙasar Raba a watan Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, suna cikin waɗanda suka fi tayar da hankali a shekarun da satar shanu ta yawaita. Idan aka kore garke, tare da shi ake kore zuriyar da aka shekara hamsin ana tacewa, kuma saniyar da ta faɗa hannun ɓarawo ba wanda zai sake sanin uwarta. Dattawan da suka riƙe waɗannan sunaye a ka su ne za su iya nuna wa mai awo saniyar da ya kamata ya fara ɗibar gashinta, da yawansu kuwa gudun hijira ya raba su da rugagensu.