Tauraro a Cikin Adaka: Ina Ra'ayin Sauyi Ya Fi Kama Ƙasa a Arewa, Kuma Don Me?

Bayan rasuwar kakana na wajen uwa, mun buɗe adakarsa ta ƙarfe a gidanmu na Gusau domin rabon gado. Ƙarƙashin tsofaffin riguna muka tarar da tarin rasiɗan haraji an ɗaure su da zare, a tsakiyarsu kuma akwai wani kati da ya yi ja don tsufa, ɗauke da hoton tauraro. Na kai wa kakata na ce, "Inna, wannan fa na mene ne?" Ta karɓa ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Kai miji, ajiye shi da kyau. A kan wannan 'yar takarda aka ɗaure kakanka wata uku, ni kuma na sayar da tasoshina na ciyar da uwarka."

Katin jam'iyyar NEPU ne. Kakana tela ne, bai taɓa zama a aji ba, bai kuma taɓa neman kujera ba. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zauna noma a wani ƙauye na ƙasar Bunguɗu, har ya koma ga Allah bai taɓa jefa ƙuri'a inda dagaci bai nuna ba. Wannan bambanci tsakanin wa da ƙane shi ya sa ni tambayar da wannan maƙala take ƙoƙarin amsawa: waɗanne sassa na Arewa suka fi karkata ga ra'ayin sauyi, kuma me ya karkatar da su?

Taswirar ƙuri'a

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da kirarin "Sawaba". Ta nemi a sauya tsarin En'e, a daina aikin tilas, a ba talaka damar zaɓen wakilinsa kai tsaye, a kuma ba mata ƙuri'a. Abokiyar hamayyarta, NPC mai alamar fartanya da kirarin "Salama", ta jingina da fada, ta kuma fi son a bi sauyi a hankali. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta sami kujeru 134, NEPU kuwa 8 kacal. Wanda ya tsaya a waɗannan alƙaluma zai ɗauka duk Arewa bakinta ɗaya.

Zaɓuɓɓukan baya sun nuna akasin haka. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Jihar Kano da Abubakar Rimi, ta ci tsohuwar Kaduna da Balarabe Musa, gwamnonin biyu kuma suka soke haraji da jangali. GNPP ta Waziri Ibrahim ta ci Borno da Gongola. Sakkwato da Bauci da Neja suka bi NPN. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, mahaifar Tofan, alhali Sakkwato ta ba Tofa rinjaye. Shekara arba'in ke nan taswirar tana maimaita kanta: Kano a gaba wajen ra'ayin sauyi, Kaduna da Zariya da Borno na biye, Sakkwato kuma cibiyar masu ra'ayin riƙau.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ta hali: wai Bakano ɗan kasuwa ne marar tsoro, Basakkwace kuwa mai biyayya ne tun fil'azal. Ban gamsu da ita ba, domin a cikin Lardin Sakkwato ɗin kansa gabashinsa ya kasance ƙaya a ƙafar hukuma. Garuruwa uku da na tashi a tsakaninsu, Gusau da Tsafe da Bunguɗu, duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ɗaya ta Sakkwato, harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, amma zafin siyasarsu ya sha bamban. A nan ne za a iya gwada dalili.

Gusau: garin da jirgi ya raina

Malam Sambo Ɗan Ashafa, ɗaya daga cikin mabiya Shehu Usmanu, shi ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Ta daɗe tana matsakaicin gari na manoma da malamai. Abin da ya juya ta shi ne layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa, ya ratsa ta, ya tsaya a Kauran Namoda a 1929. Tun daga lokacin gyaɗa da auduga da fatu na yammacin ƙasar Hausa sai sun biyo ta Gusau kafin su ga teku. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, Kwarori suka zo, Yarbawa da Ibo suka cika Sabon Gari, Kanawa da Katsinawa da Zagezagi suka sauka da jari da sana'a. A shekarun 1960 masaƙa ta ƙaru a kai.

Abin lura a nan shi ne hanyar cin abinci. Manomin ƙauye gonarsa tana hannun dagaci, harajinsa dagaci ke yankawa, shari'arsa kuma tana gaban alƙalin da En'e ta naɗa. In ya ɗaga murya, duk ƙofofin nan a rana ɗaya za a rufe masa su. Tela kuwa kekensa nasa ne. Mahauci, ɗan koli, direba, leburan tasha da ma'aikacin reluwe ba daga fada abincinsu ke fitowa ba. In gari ya yi zafi, kuɗin jirgi kawai mutum ke bukata ya kwana a Zariya. Jirgin da ke kai gyaɗa kudu shi ke dawowa da jarida da labarin laccar da aka yi a Kano, sai mai karatun boko ɗaya ya karanta wa mutum goma a bakin shago. Kakana a irin wannan zama ya fara jin cewa haraji yana da ƙa'ida, kuma rasit haƙƙinsa ne. Na fahimci daga baya abin da ya sa ya ɗaure rasiɗan tare da katin.

Akwai kuma nisa. Tsakanin Gusau da Sakkwato ya haura kilomita 200, kuma kasuwancinta gabas yake fuskanta. Hukuma ta san da haka, shi ya sa a 1938 aka turo Sardauna Ahmadu Bello ya zauna a Gusau yana lura da gundumomin gabas. Hatta a ɓangaren ɗarika an ga wannan fuskantar gabas. Sakkwato gidan Ƙadiriyya ce, amma Tijjaniyyar da ta bunƙasa a Kano ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass ta biyo 'yan kasuwa ta kafu a Gusau da Kauran Namoda, har ta kai ga rushe wasu zawiyoyi a 1949. Mutumin da ya riga ya zaɓi shehinsa ba da izinin fada ba, zaɓen jam'iyya ba zai yi masa nauyi ba.

Tsafe: tsohon miki

Tsafe ma tana bakin dogo da gwadaben Funtuwa, don haka iskar da ta kaɗa Gusau ta taɓa ta. Sai dai tana da wani abu na daban, wato tarihi. Kusa da ita 'Yandoto take, tsohon garin malamai na ƙasar Katsina wanda ɗalibai ke zuwa daga nesa. Da jihadi ya taso, yawancin malamanta ba su amsa kiran Shehu ba, har Muhammadu Bello ya ci garin wajajen 1806. Sunan bai mutu ba: har yau 'Yandoto ake kiran sarkin Tsafe.

Ba ina cewa mutanen Tsafe sun yi siyasar 1950 don ramuwar abin da ya faru a 1806 ba. Abin da nake cewa shi ne, garin da ya san ya taɓa tsayawa da ƙafarsa kafin a haɗa shi da wata fada mai nisa ba ya ɗaukar umarninta tamkar hukuncin Allah. Wannan ya shafi ƙasar Zamfara baki ɗaya, wadda take da daularta tun kafin Gobirawa su ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Irin wannan tunani ne ya dinga raya neman jiha, har gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Kano ma haka take: birni ne da ya girmi daular da aka sa shi a ƙarƙashinta.

Bunguɗu: iri a gonar wani

Bunguɗu ita ce ta fi koya mini darasi. Dogo da ya bar Gusau arewa ya nufa, ya bar garin a kan hanyar Sakkwato, cikin fadamun gulbi da gonakin dawa. Amma maƙwabciyarta Maru ce ta karɓi baƙon da ya fi kowa tasiri a wannan tarihi. A 1949 aka ɗauke Malam Aminu Kano daga Bauci aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, inda ya zauna har ya ajiye aiki a ƙarshen 1950 ya shiga siyasa gaba ɗaya. Wato jagoran 'yan Sawaba ya yi kusan shekara biyu a tsakiyar waɗannan manoma, yana ganin yadda ake karɓar haraji da jangali, yana jin kokensu.

In da jin magana kaɗai ke sa a bi ra'ayi, da ƙauyukan wannan yanki sun riga Gusau. Ƙanen kakana ya san duk abin da wansa ya sani, kuma zaluncin da ake magana a kai shi ya fi ɗanɗana shi. Inna ta ce yakan zo Gusau ranar kasuwa, ya zauna a shagon wansa ya saurari muhawara har la'asar, ya gyaɗa kai, sannan ya hau jakinsa ya koma. Da ta taɓa yi masa tsiya, sai ya ce mata, "Yaya, shi in an kore shi da kekensa zai tafi. Ni gona a kai zan ɗauke ta?" Ban taɓa karanta bayanin siyasar Arewa da ya fi wannan jimla gamsar da ni ba. Shirun ƙauye sau da yawa lissafi ne na mai iyali, ba yarda ba. Ranar da aka taɓa gonar kanta kuwa shirun ya ƙare, kamar yadda aka gani a Bakolori a 1980, lokacin da manoman ƙasar Talatar Mafara suka tsaya kan diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka kashe da yawa daga cikinsu.

Abin da ya haɗa su

Idan aka tattara, ra'ayin sauyi ya fi kama ƙasa inda talaka yake da ƙofa ta biyu: sana'ar da ba ta biyo ta fada ba, hanyar da zai iya fita, baƙin da ke kawo masa labarin wata ƙasa, da tarihin da ke tuna masa cewa mulki yana sauya hannu. Kano ta tara duka, Gusau ta sami mafi yawa, Tsafe ta sami rabi, ƙauyen Bunguɗu ya sami ƙorafi bai sami mafita ba. A ƙetaren iyaka ma, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar ta fi ƙarfi tsakanin ma'aikata da direbobi da ƙananan 'yan kasuwa kafin a haramta ta a 1959. A kudancin Amurka, wanda aka sani da ra'ayin riƙau, birnin Atlanta da kewayensa ne suka rinjayar da Jihar Jojiya ga 'yan Dimokuraɗiyya a 2020, karo na farko tun 1992.

Mai karatu na iya cewa: to, ai a wannan Gusau ɗin aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci ranar 27 ga Oktoba, 1999, kafin kowace jiha. Ina ra'ayin sauyin ya tafi? Wannan tambaya tana auna mu ne da mudun wasu. 'Yan Sawaba ba su taɓa jayayya da addini ba. Da littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu suke kafa hujja a kan masu mulki, suna cewa an bar tafarkin da aka kafa daular a kai. Talakan da ya cika fili a 1999 adalcin da kakana ya nema shi ma yake fata, wato a yi wa babba hukuncin da ake yi wa yaro. Ko ya samu ko bai samu ba, wannan wata maƙala ce. Abin da ya tabbata shi ne, jihar nan ta kayar da gwamna mai ci har sau biyu, a 2011 da 2023, abin da ba kasafai ake gani ba a Nijeriya.

Kammalawa

Abin da ke damuna shi ne halin da ƙofa ta biyu take ciki a yau. Jirgin Kaura ya daɗe da daina zama jijiyar kasuwanci, masaƙa ta yi shiru, hanyar Tsafe zuwa Funtuwa kuma sai da addu'a ake binta saboda 'yan bindiga. Manomin da a da gona ta ɗaure shi yanzu gonar ma ta gagare shi, ya dawo gefen Gusau yana jiran tallafi. Ni da abokan karatuna muna riƙe da takardun digiri, amma yawancinmu wasiƙar wani mai mulki muke nema kafin mu sami aiki. Ta wannan fuska mun fi kama da ƙanen kakana fiye da kakana, ko da yake mun fi su duka iya muhawara a Facebook. Wanda ke jiran taliya da sabulu ranar zaɓe ba ra'ayi ya rasa ba.

Saboda haka duk mai son ganin siyasar aƙida ta dawo Zamfara, kafin ya buga fosta ya fara tambayar yadda manomi zai koma gonarsa lafiya, da yadda matashi zai ci abinci ba tare da ya durƙusa a ƙofar kowa ba. Da aka gama rabon gado, 'yan'uwana sun ɗauki riguna da kuɗin fili. Ni na roƙi katin da rasiɗan, Inna kuma ta ƙara mini da keken ɗinkin, ta ce in na raba su ban fahimci kakana ba.