Daga Talabijin ɗin Kakanni Zuwa Tabaran FPV: Tarihin Idon Jirgi Maras Matuƙi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda ba su samu damar saurara ba.

Yau maganarmu a kan masu haɗa ƙaramin jirgi maras matuƙi ne da hannunsu, don sha'awa. Ka sayo injina huɗu, ka yi walda, ka ɗaura batir, jirgi ya tashi. To, da wane ido za ka gani? Shi ne ake kira FPV, wato ka sa tabarau ka riƙa ganin abin da jirgin yake gani, kamar kana zaune a cikinsa. Abubuwa huɗu ne ke wannan aikin: kyamara, na'urar tura hoto, eriya, da tabarau. A nan kuɗi suka fi tafiya, a nan kuma aka fi yin da-na-sani. Kafin ka shiga kasuwa, bari mu ga daga ina kayan nan suka fito, don tarihinsu yana taimakawa wajen zaɓi.

Mu fara da yaƙin duniya na biyu. A 1944 sojojin ruwan Amurka sun yi amfani da wani jirgi maras matuƙi mai suna TDR-1 a yankin tekun Fasifik. An maƙala masa kyamarar talabijin ta kamfanin RCA a hanci, matuƙin kuma yana cikin wani jirgin daban a baya, yana kallon ɗan ƙaramin allo yana sarrafa shi. Hoton baƙi da fari ne, dishi-dishi, amma ka ga tsarin: kyamara, na'urar turawa, eriya, allo. Har yau bai canza ba.

Shi kansa siginar hoton ma gadon talabijin ne. Amurka ta amince da tsarinta mai launi, NTSC, a 1953. Shi kuwa PAL, Walter Bruch ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Telefunken na Jamus, aka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967, kuma shi Najeriya ta ɗauka. Duk wanda ya taɓa fita tsakar gida yana juya eriya, ana yi masa ihu daga ɗaki, "ya yi, ya yi, a'a koma baya!", to ya san wannan siginar. Abin mamaki, idan ka sayi kyamarar FPV ta analog yau ɗin nan, za ka tarar ko PAL ce ko NTSC, wasu ma kai za ka zaɓa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, masu wasa da jiragen rimot a Turai da Amurka suka fara ɗaura ƙananan kyamarorin tsaro a jiragensu, suna turo hoto a kan mita 900 MHz, 1.3 GHz ko 2.4 GHz. Sai a tsakiyar shekarun 2000 rimot ɗin kansa ya koma 2.4 GHz. Kai ka san murya biyu a ɗaki ɗaya ba ta jituwa, don haka hoto ya yi ƙaura zuwa 5.8 GHz. A nan eriya ƙarama ce, kayan kuma da araha, sai dai wannan mitar ba ta iya keta katanga da bishiya sosai. A 2007 aka kafa Fat Shark, wanda ya daɗe yana jan ragamar kasuwar tabarau. Sai kuma eriyoyi masu murɗa sigina suka zo, suka rage matsalar siginar da ke dukan bango ta dawo ta ɓata hoto.

Duniya ta farga da abin a 2010, lokacin da Raphael Pirker na ƙungiyar Team BlackSheep ya saki bidiyon jirginsa yana shawagi a birnin New York. Daga baya hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ci shi tarar dala 10,000 kan wani tashi da ya yi a Jami'ar Virginia a 2011, aka sasanta a kan dala 1,100 a 2015. A wannan shekarar aka kafa gasar Drone Racing League. A watan Maris 2016 kuma, a Dubai, wani yaro ɗan Ingila mai shekara 15, Luke Bannister, ya ciyo wa tawagarsa kyautar dala 250,000.

Me ya sa matuƙa suka riƙe analog alhali wayar hannunsu ta fi shi kyan hoto? Dalili na farko, jinkiri. Mu yi lissafi: jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan hoto ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, jirginka ya riga ya wuce inda kake gani da kusan mita uku. Reshen da kake shirin kauce wa, ka riga ka dake shi. Analog ba ya tsayawa matse hoto, yadda ya gani haka yake turowa. Dalili na biyu, yadda yake mutuwa. A hankali yake lalacewa, yashi-yashi ya fara shigowa, ka gane ka yi nisa ka juyo. Na uku, babu kamfanin da ya mallake shi. Kyamarar wannan, na'urar wancan, tabaran wani, duk suna jituwa.

A watan Yuli 2019 lamarin ya juya. Kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da tsarin dijital mai hoto 720p, da jinkirin da ya ce bai wuce milisakan 28 ba. Da shi matuƙi yana ganin siraran rassa da wayoyin lantarki tun daga nesa. Sai HDZero ya shigo, ya fi ba da ƙarfi ga jinkiri kaɗan wanda ba ya hawa ba ya sauka, shi ya sa 'yan tsere suke son sa. Walksnail ya biyo a 2022. DJI kuma ya sake fito da O3 a ƙarshen 2022, da O4 a farkon 2025.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Tsarukan dijital ɗin nan ba sa jin yaren juna. Na'urar DJI ba ta magana da tabaran Walksnail, ta Walksnail ba ta magana da HDZero kai tsaye. Har a cikin gida ɗaya ma, ba kowane tsohon tabarau ne ke aiki da sabuwar na'ura ba. Kuma a wasu tsarukan, idan sigina ya yi rauni hoton kan daburce ko ya daskare, kai kuwa jirgi yana ci gaba da gudu.

To ɗan'uwa, darasin da na ɗauka daga wannan tarihin shi ne: tabarau za ka fara zaɓa, don shi ne auren. Kyamara da na'urar turawa suna kan jirgi, za su faɗi, za su fashe, za ka sake saye. Don haka kada ka tambayi kuɗin saitin farko kawai, tambayi nawa za ka kashe duk ranar da jirgi ya daki ƙasa, da kuma ko kayan gyaran za su iso inda kake. Idan koyo kake yi kuma aljihu ba nauyi, analog ba abin kunya ba ne. Idan kyan hoto ne burinka, DJI ko Walksnail. Idan tsere ne, duba HDZero ko analog.

Sai 'yan gargaɗi. Kada ka kunna na'urar tura hoto ba eriya a jikinta, tana iya ƙonewa. Eriyar jirgi da ta tabarau su zama masu murɗi iri ɗaya, dama da dama ko hagu da hagu. Ka duba bakin haɗi, SMA da RP-SMA sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Kada ka bar jirgi a kunne a ƙasa cikin rana, iskar tashi ce ke sanyaya na'urar. Kuma ka nemi sanin doka: a Najeriya, a shekarar 2016 hukumar NCAA ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Jirgin da ka kwana kana haɗawa bai kamata ya ƙare a hannun jami'ai ba.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba, ku huta lafiya.