Asalin Kalmar A1 a Bakin Masu Jiragen Ruwa

A shekarar 1764 ƙungiyar Lloyd's ta birnin Landan ta buga littafin rajistar jiragen ruwa, domin 'yan inshora su san jirgin da zai jure wa teku kafin su zuba kuɗinsu. Ingancin gangar jikin jirgi ana nuna shi da A, E, I, O ko U. Na igiyoyi da sauran kayan aiki kuwa da G, M ko B. Daga baya lambobi suka maye gurbin haruffa ukun nan, a 1775 aka sami A1, wato jirgi lafiyayye ciki da waje. Sannu a hankali Turawan Ingila suka riƙa kiran duk abu nagari A1. Mu marubuta sai mu lura: kalmar da yau ake yabon abinci da ita, a da dukiyar fatake da rayukan matuƙa ke rataye a wuyanta.