Daga Karan Ɗori Zuwa Asibitin Dala

Mai karatu, a da wanda ya karye a Kankiya ko Kusada galibi wurin maɗori ake kai shi, mutumin da ya koyi sana'ar a gaban mahaifinsa, da kara da tsumma. A 1959 aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a 1979 kuma aka kafa kwalejin ƙasa mai horar da ƙwararrun likitoci. Daga nan koyon gyaran ƙashi ya zama zagaye: likita ya yi watanni a sashen haɗurra, ya koma na yara, sannan na ƙashin baya. Don haka idan ɗanka ya karye kusa da gaɓa, kama hanyar Kano. Can za ka sami wanda ya zauna a ɗakin yara, ya san daidai wurin da ƙashi ke ƙara tsawo.